Tsafta a Takarda: Yadda Ingila Ta Wofintar da Gidajen Renon Yara a Lokacin Korona

Akwai zaluncin da takarda kawai yake zuwa da ita. Hukuma ta zauna a ofis ta rubuta maka ƙa'idoji shafi bayan shafi, ta ce ka bi su don kare rayukan jama'a, ta hana ka abin da za ka bi su da shi, in abu ya ɓaci kuma ta ce ai ita ta ba da umarni. Abin da gwamnatin Birtaniya ta yi wa gidajen renon yara na Ingila ke nan a shekarun korona. Ba a yi masa adalci ba in an kira shi kuskuren ruɗanin annoba. Sakaci ne na mutanen da suka san halin da gidajen suke ciki tun shekaru kafin cutar ta ɓulla, suka kuma zaɓi su kawar da kai.

A daren 4 ga Janairun 2021 Firaminista Boris Johnson ya sanar da kulle na uku. Sabon nau'in cutar da aka fara ganowa a yankin Kent yana bazuwa, asibitoci sun cika maƙil. Aka rufe makarantun firamare da na sakandare ga yawancin ɗalibai, bayan yara da dama sun koma aji na kwana ɗaya tak, da hujjar cewa makaranta na iya kwasar cuta daga wannan gida ta kai wancan. A cikin sanarwar nan ce aka ce gidajen reno su ci gaba da karɓar kowane yaro. Ajin 'yan shekara bakwai, waɗanda za a ce su zauna su zauna, a ce su wanke hannu su wanke, ya yi haɗarin da sai an rufe shi. Ɗakin 'yan shekara biyu, masu kai duk abin da suka tsinta baki, shi kuwa lafiya lau. Sikotland da ke maƙwabtaka ta duba cutar nan guda, ta rufe nata gidajen ga yawancin yara har zuwa 22 ga Fabrairu.

Kafin a fahimci girman abin, sai an san matsayin gidan reno a zaman Ingila. Gida a can miji ne da mata da 'ya'yansu, ko uwa ita kaɗai da nata. Kuɗin haya ba ya barin mutum ɗaya ya riƙe gida cikin sauƙi, yaro kuma ba ya shiga makaranta sai ya kai shekara huɗu zuwa biyar. Wanda bai sami gurbi a gidan reno ba, aikinsa ne ke cikin haɗari. Mafi yawan guraben nan ba na gwamnati ba ne. Na 'yan kasuwa ne ƙanana da manya, da ƙungiyoyin sa-kai, da matan da suka yi rajista suke renon yara kaɗan a gidajensu. Gwamnati awanni take saye a wajensu: awa 15 a mako ga kowane ɗan shekara uku da huɗu, sannan awa 30 ga 'ya'yan masu aiki tun daga Satumban 2017. Da wannan 'yan siyasa suke yaƙin neman zaɓe, suna cewa sun ba iyaye reno kyauta.

Kyautar da dukiyar wani aka yi ta. Ƙungiyar Early Years Alliance, wadda ke magana da yawun masu gidajen reno, ta yi shekaru tana fafatawa da Ma'aikatar Ilimi a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai, har a Yunin 2021 ta fito da takardun cikin gida na ma'aikatar. Takardun sun nuna cewa tun a 2015 jami'an gwamnati suka lissafa cewa zuwa shekarar kuɗi ta 2020 zuwa 2021 renon yaro ɗaya na awa guda zai ci fam 7.49. Abin da aka biya a wannan shekarar, a matsakaici, fam 4.89 ne. Giɓin fam 2.60 a kowace awa, a kan kowane yaro, kuma su da kansu suka yi lissafin. Wa ya cike giɓin? Iyayen jarirai da aka ninka wa kuɗi, da masu renon da aka danne wa albashi. Hukumar da gwamnati ta kafa don lura da daidaiton dama tsakanin 'yan ƙasa ta bayyana a Agustan 2020 cewa matsakaicin abin da mai reno ke samu fam 7.42 ne a awa, kuma ɗaya cikin takwas ba ta kai fam 5 ba. Kusan dukkansu mata ne. Cibiyoyin Sure Start da aka kafa zamanin Firaminista Tony Blair don tallafa wa ƙananan yara da iyayensu, waɗanda suka kai kimanin 3,600 a 2010, ɗaruruwansu an rufe su a shekarun tsuke bakin aljihu. A wannan hali annoba ta sami gidajen reno. Ba a fafe gora ranar tafiya, su kuwa mahukuntan Landan shekara goma suka yi suna huda nasu.

Da aka rufe makarantu da gidajen reno daga 20 ga Maris 2020, an ce a bar ƙofa a buɗe ga 'ya'yan ma'aikatan da ba a iya yi sai da su da kuma yara masu rauni. Magana ce mai daɗin ji. Amma gidan da aka tsara shi a kan kuɗin yara sittin ba ya tsayawa a kan yara shida, don haka da yawa suka rufe gaba ɗaya. Kakanni, waɗanda su ne madogarar iyaye da yawa a ranakun da ba a kai yaro reno, dokar kulle ta raba su da jikokinsu, kuma su ne cutar ta fi kashewa. Ma'aikaciyar jinyar da ake roƙo ta ƙara awanni a asibiti sai ta wayi gari ba ta da inda za ta ajiye ɗanta.

Gwamnati ta yi wasu abubuwa, kuma ba za a ɓoye su ba. Ta ci gaba da biyan kuɗin awannin da take saye har ƙarshen 2020, ta kuma yafe wa gidajen harajin wurin kasuwanci na shekara. Sai dai ku dubi yadda aka yi da shirin biyan kashi 80 cikin ɗari na albashin ma'aikatan da aka ce su zauna a gida. Da farko an bar masu gidajen reno suka fahimci cewa suna cikin shirin kamar kowa, suka tsara lissafinsu a kai, suka yi wa ma'aikatansu alkawari. Ranar 17 ga Afrilu, saura kwana uku a buɗe shafin neman kuɗin, Ma'aikatar Ilimi ta fito da sabuwar magana: ba za su nemi tallafin ba sai a kan kason albashin da ya yi daidai da kuɗin da suke samu daga aljihun iyaye. Mutanen da aka yi shekaru ana biyan su ƙasa da abin da suke kashewa, su aka tsaya ana yi wa ƙididdiga kada su ci riba biyu.

Mu zo kan ƙa'idojin kariya, domin a nan ne rainin hankalin ya fi fitowa fili. Da aka ba da izinin sake buɗewa ga kowa a 1 ga Yunin 2020, an aika wa gidajen jagora. A raba yara rukuni-rukuni, an fi son kada rukuni ya wuce takwas, ko ta yaya kada ya haura 16, kuma kada a cakuɗa su. A kwashe kayan wasa masu laushi da duk abin da ke wahalar wankewa. A yawaita wanke hannu, a yawaita goge tebura da ƙofofi, iyaye su tsaya a bakin ƙofa, a rarraba lokutan kawowa da ɗauka. Takunkumi kuwa ba a so mai reno ta sa yayin da take tare da yara, kayan kariya na musamman sai in yaro ya nuna alamar cutar.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama shirme a karan kansa. Shirmen yana wajen wanda ya rubuta su bai tambayi kansa nawa za su ci ba. Dokar Ingila a lokacin ta ce babba ɗaya ga jarirai uku 'yan ƙasa da shekara biyu, ɗaya ga huɗu 'yan shekara biyu, ɗaya ga takwas 'yan uku zuwa sama. Idan ka raba yara ashirin da huɗu gida uku ka hana su haɗuwa, ɗaki uku kake buƙata, da ma'aikatan da ba za su tsallaka daga wannan rukuni zuwa wancan ba ko da ɗaya ta tafi cin abinci ko ta zaga. Gidan da ba shi da ƙarin ɗaki, ba shi da kuɗin ƙarin ma'aikata, hanya ɗaya ta rage masa, wato ya rage yara. Ka ga ke nan ƙarancin gurabe da kariya daga cuta igiya ɗaya ce ta ɗaure su: duk matakin kariya na gaskiya gurbi yake ci, sai in an sa kuɗi an faɗaɗa wuri an ƙara hannu. Gwamnati ta ga haka. Maimakon ta biya, sai ta janye sharaɗin ƙananan rukunai daga 20 ga Yuli. Matsalar gurabe ta sassauta a takarda, cutar kuma tana nan inda take.

Ba da tazara fa? Filin da doka ta tanadar wa ɗan shekara uku a cikin ɗaki murabba'in mita 2.3 ne, a ƙasar da a lokacin ake ce wa manya su bar mita biyu tsakaninsu. Ko da filin ya kai na ƙwallo, aikin reno aikin jiki ne. Mai reno ita ke canza kunzugu, ita ke share majina, ita ke ba da abinci a baki, ita ke rungume wanda ya faɗi yana kuka, yana yi mata atishawa a fuska. A ce mata ta tsare kanta da wanke hannu da goge tebur kamar a miƙa wa mutum kwando ne a ce ya ɗebo ruwa. Tun a Yulin 2020 masana 239 suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna jan hankalin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa cutar tana yawo a iskar ɗaki, ba a saman tebur kawai take ba. Abin da wannan ke nufi ga gidan reno shi ne iska mai shiga da fita. Gidajen da yawa a tsofaffin gine-gine suke, a zaurukan coci da gidajen zama da aka gyara, kuma shawarar da ta fi sauƙin bayarwa ita ce a buɗe taga. A buɗe taga a Janairun Ingila, a ɗakin da jarirai ke rarrafe a ƙasa, sannan a biya kuɗin ɗumama ɗakin daga fam 4.89.

Babbar garkuwar kowane gidan reno, a annoba ko ba a annoba ba, ita ce marar lafiya ya zauna a gida. Wannan ma kuɗi ne. Alawus ɗin rashin lafiya da doka ta tilasta a 2020 fam 95.85 ne a mako, wadda kuma ba ta samun fam 120 a mako ba ta ma cancanci ko wannan ba. Matar da ke karɓar abin da bai kai fam 8 ba a awa, ta ji maƙogwaronta na ƙaiƙayi da safe, ta san killace kai na nufin kwana bakwai, daga baya kwana goma, a kan wannan ɗan abin, me kuke zaton za ta yi? Wasu sun zauna a gida sun ci bashi. Wasu sun ce mura ce sun fita. Haka nan iyayen da ke ɗura wa yaro maganin zazzaɓi da sassafe don jikinsa ya yi sanyi a bakin ƙofa, su miƙa shi su wuce aiki. Wannan mugun hali ne, cin amanar mai reno ne da sauran yaran ɗakin, kuma babu uzurin da zai wanke shi. Amma wanda ya shirya ƙasa ta yadda kwana goma na jinyar ɗa zai iya raba uwa da aikinta, shi ya buɗe ƙofar wannan hali.

Kada wani ya ce babu kuɗi. A Agustan 2020 Ministan Kuɗi Rishi Sunak ya kashe kimanin fam miliyan 849 wajen biya wa mutane rabin kuɗin abinci, har zuwa fam 10 ga kowane mutum, don su koma cin abinci a gidajen abinci da mashaya, wato su taru a ɗaki ɗaya ba takunkumi ana tsakiyar annoba. Wata biyu kafin nan an sanar da fam biliyan 1 don taimaka wa ɗalibai su cike giɓin karatun da suka rasa, aka cire gidajen reno daga ciki. Kuɗi akwai su. Zaɓi aka yi, kuma a wajen zaɓin farantin abincin babba ya fi ɗakin renon yaro daraja.

Akwai hujjar barin gidajen a buɗe a Janairun 2021, kuma hujja ce mai ƙarfi. Cutar ba ta cika yi wa ƙananan yara illa mai tsanani ba. Zaman gida kuwa ya yi musu: hukumar Ofsted mai duba makarantu ta ba da rahoto a Nuwamban 2020 cewa wasu yaran da suka riga suka iya zuwa bayan gida sun koma sa kunzugu, wasu sun manta yadda ake cin abinci da wuƙa da cokali mai yatsu. Duk mun yarda. To amma wannan hujjar ƙara nauyin laifin take yi. In har aikin ya kai muhimmancin da za a ce mata su fita su yi shi a mako mafi muni na annoba, ai su ya kamata a fara karewa. Yaran ne cutar ta yi wa sauƙi. Masu renon manya ne, wasunsu sun manyanta, wasu na da ciwon suga ko asma, da yamma kuma gidajensu suke komawa wajen iyaye da mazaje.

Ga kariyar da aka ba su. An fara allurar rigakafi a Birtaniya ranar 8 ga Disamban 2020, aka jera mutane bisa shekaru da rashin lafiya, masu reno ba su sami wani fifiko saboda aikinsu ba. Kayan gwajin gaggawa da mutum zai yi wa kansa a gida an raba su a Janairu ga ma'aikatan firamare da na gidajen renon da ke hannun hukuma ko cikin makarantu. Ma'aikatan gidaje masu zaman kansu da na sa-kai, waɗanda ke riƙe da mafi yawan yaran, aka ce su nemi cibiyoyin gwaji na gari, alhali aikinsu daga safe ne har yamma. Ba su sami nasu kayan ba sai daga 22 ga Maris 2021, saura kwana ɗaya a cika shekara da kulle na farko, bayan guguwar hunturu ta riga ta wuce. Wannan shi ne ihu bayan hari. Sannan a watan Janairun nan ne gwamnati ta daina biya bisa yawan yaran kafin annoba, ta koma ƙirga kawuna, kuma gidan da ya rufe ko ya taƙaita karɓar yara bisa raɗin kansa don tsoron cutar ba a ƙirga masa waɗanda ya mayar. Mai gidan da ta zaɓi taka-tsantsan asara aka saka mata da ita.

Jama'a ma ba su fita ba. Mako goma aka yi ana fitowa bakin ƙofa duk daren Alhamis da ƙarfe takwas ana tafa wa ma'aikatan lafiya da masu kula da mutane. Tafi ba ya biyan haya. Ƙasar da ta yarda a biya wadda ke riƙe mata jariri ƙasa da abin da ake biyan mai jera kaya a babban kanti, ta kuma riƙa zaɓen masu yi mata alkawarin reno kyauta ba tare da ta tambayi wa zai biya ba, tana da nata kason.

Sakamakon bai ɓuya ba. Matan da ke reno a gidajensu, waɗanda suka kusa 48,000 a 2015, sun koma ƙasa da 30,000 a 2023, bisa rajistar Ofsted. Ƙwararrun ma'aikata sun bar sana'ar sun koma kantuna da wasu ayyukan da suka fi biya kuma suka fi sauƙi. Binciken cibiyar nazarin kuɗaɗen gwamnati ta IFS a 2020 ya nuna iyaye mata sun fi iyaye maza rasa aiki ko ajiye shi a lokacin kulle. Unguwannin talakawa, inda iyaye ba su da ƙarin kuɗin da za a cike giɓin gwamnati da shi, su ne gidan reno ya fi wuyar tsayawa a cikinsu, su ne kuma yaransu suka fi buƙatarsa.

Da an ɗauki darasi, da abin ya zo da sauƙi. A Maris 2023 Ministan Kuɗi Jeremy Hunt ya sanar da faɗaɗa awa 30 ɗin zuwa jarirai tun daga wata tara, a kammala zuwa Satumban 2025. An ƙara kuɗin awa, gaskiya ne. Amma lissafin Ma'aikatar Ilimi da kanta ya ce shirin na buƙatar ƙarin gurabe kimanin 85,000 da ma'aikata kimanin 40,000, a sana'ar da mutane ke gudu. Ɗaya daga cikin dabarun da aka fito da su shi ne a sassauta doka daga Satumban 2023, mai reno ɗaya ta riƙe 'yan shekara biyu su biyar maimakon huɗu. Bayan annobar da ta nuna cewa cunkoso a ɗaki shi ne abincin cutar numfashi, maganin ƙarancin gurabe da aka gano shi ne a ƙara cusa yara a hannu ɗaya.

Abin da ake buƙata ba ɓoyayye ba ne. A biya kuɗin awa daidai da abin da awa take ci. A biya mai reno cikakken albashinta in ta kwanta ciwo, don kada ta zaɓi tsakanin haya da lafiyar yaran mutane. A ba iyaye hutun jinyar ɗa mai albashi. A sa kuɗi a gyara iskar ɗakuna tun ana zaman lafiya. A rubuta tun yanzu cewa duk wanda aka tilasta wa fita aiki a annoba yana sahun gaba wajen gwaji da kayan kariya, ko ma'aikacin hukuma ne ko na mai zaman kansa, domin cuta ba ta duba wa ke biyan albashi. Kowanne daga cikin waɗannan kuɗi ne, kuma wanda ya ƙi biyansu ya daina cewa gidajen reno ginshiƙin tattalin arziki ne.

Gavin Williamson, wanda ya riƙe Ma'aikatar Ilimi tun daga rufewar farko har zuwa rabon kayan gwajin da ya zo a makare, an sauke shi a Satumban 2021. Wata shida bayan haka aka ba shi lambar girma ta Sir. Matan da suka buɗe ƙofa a Janairun nan ba rigakafi, ba kayan gwaji, a kan albashin da bai kai ya kawo ba, babu wanda ya ba su komai, da yawansu ma sun bar aikin. Gwamnatin da ta raba sakamako haka ta nuna abin da take ɗauka da daraja, kuma kunya ce babba a gare ta.